Kawu Ya Wanke Hoto Fes

Kawuna, autan su mahaifiyata, tunda nake ban taɓa jin an ambaci wani aiki a gabansa ya ce bai iya ba. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, kuma shi kaɗai yake faɗin sunan da zuciya ɗaya, sauranmu muna faɗa ne muna cije leɓe. Shi ya gyara fankar ɗakinsa, ta koma zuƙe iska maimakon ta bayar. Shi ya gyara famfon gidan, yanzu in ka murɗa na bayi, a kicin ruwan yake zuba. In ka yi magana sai ya tura tabarau sama da ɗan yatsa, ya ce, "Kimiyya ce, ba za ki gane ba." Na iya faɗin wannan da muryarsa sak, har matarsa, Anti, ta sha amsa min da "Na'am" daga kicin. Saboda irin haka ne ake ce min Aku a gidan.

Wata Laraba Kaka tana zazzage tsohuwar akwatinta ta ƙarfe tana neman wani zani, sai ga kyamara ta faɗo, baƙa, mai igiyar ratayawa, nannaɗe cikin ɗankwali. Ta kakanmu ce, wanda ya rasu shekara talatin da uku da suka wuce. Direban babbar mota ne. Hoton lasisinsa kaɗai ya bari, shi ma ruwa ya cinye fuskar tun kafin a haife ni.

Kaka ta zauna a bakin gado da kyamarar a cinya, tana shafa ta.

"Muna ciki," ta ce daga baya. "Ni da Malam, a ƙofar ɗaki. Shi ne na ƙarshe da aka ɗauka kafin ciwo ya kwantar da shi. Ba a taɓa wanke shi ba. Na ɗauka ta ɓata a tashin da muka yi daga tsohon gida."

Na ce, "Wato dai zan ga mutumin da ya yi ƙarfin halin aurenki?"

"Za ki ga mutumin da ko a mafarki ba za ki samu irinsa ba, mai bakin tsiya. Ɗauko min mayafina."

Muka tafi shagon Baba Mai Hoto da ke bakin titi. Tsoho ne mai sanyin magana, wanda yanzu hoton fasfo kaɗai yake ɗauka da kwamfuta. Ya karɓi kyamarar da hannu biyu, ya juya wani ɗan mariƙi a hankali har ya ji ƙas, sannan ya buɗe bayanta ya ciro ɗan gwangwani kamar batir.

"Ga fim ɗin, yana nannaɗe a ciki," ya ce. "Inna, kada wanda ya ja shi waje. Ko hasken ashana ya gani, ya ƙone. Ni na daina wankin irin wannan, maganin jiƙa shi ya ƙare min da daɗewa. Amma ina da aboki a nesa da har yanzu yake yi. Sati uku."

"Sati uku?" in ji Kaka. "Wa ya ba ni takardar cewa ina nan har sati uku?"

Ta ce za ta yi shawara. Rashin sa'a, shawarar ta same mu a tsakar gida, sanye da singileti, tana cin gyaɗa.

"Sati uku!" Kawu ya kwashe da dariya har ya ƙware. "Wankin hoto? Inna, abin da nake yi ido a rufe!"

"Dama ido a rufe kake yin komai," in ji Anti daga bakin murhu.

Bai ko kalle ta ba. Ya zaro waya ya nuna mana wani mai gemu yana bayani cikin yaren da Kawu ya rantse yana ji kamar a bakinsa aka ƙirƙire shi. Wai abu uku kawai ake haɗawa: garin kofi, ƙwayar bitamin C, da soda. A jiƙa fim a ciki, hoto ya fito.

"Tsofaffin nan suna ɓoye mana ne don a riƙa yi musu layi," ya ce. "Inna, ran Asabar kafin a sauke abincin rana za ki ga Babanmu da idonki."

"Auta, guda ɗaya ne fa. Ba ni da wani."

"Haba Inna! Ni ne fa."

"Ai shi ya sa na faɗa."

Amma dai ta ba shi. Mutum ya kai shekara arba'in da biyar, har yanzu in ya langaɓe kai ya ce "Inna", sai ta miƙa.

Kafin Asabar babu wanda bai ji ba a layinmu. Kawu ya bi shago shago yana sanar da cewa zai farfaɗo da sana'ar da ta mutu, kowa ya zo ya ga kimiyya. Ranar, tun da hantsi ya jera benci biyu a tsakar gida, ya sa tebur a gaba, ya ɗaura gyauton Anti a ƙirji. Tela ya rufe shagonsa ya zo, tef a wuya, almakashi a aljihu. Mai Kemis ya zo da farar rigarsa ta aiki, da kwalin bitamin ɗin nan da ke tafasa in an jefa shi a ruwa. Matan gidan suka tsaitsaya a ƙofofin ɗakunansu. Kaka ta zauna a kujerarta a inuwa, ta sa sabon ɗankwali, kamar mai jiran baƙo.

"Jama'a," in ji Kawu, "abin da za ku gani yau, ku gaya wa jikokinku."

Ya ɗauko filas ɗin shayin Anti. Ya zuba kofi cokali shida, ya jefa bitamin guda huɗu, ya buɗe kwalbar soda mai sanyi ya tuttula a kai.

Mai Kemis ya ce, "Injiniya, anya sodar sha ake nufi?"

"Malam, kai aikinka ƙirga ƙwaya. Bar mana haɗi."

Ya toshe bakin filas, ya hau girgizawa da hannu biyu yana murmushi. Bai kai girgiza ta biyar ba muka ji fau! Murfin ya tashi ya fasa ƙwan fitilar baranda, ruwan ya bi bayansa, ya sauko kaf a kan farar rigar Mai Kemis. Mutumin ya tsaya hannu a buɗe yana kallon ƙirjinsa.

"Alamar ƙarfin magani ke nan," in ji Kawu.

Tela ya jawo filas ɗin ya shinshina, ya kurɓi abin da ya rage, ya tauna baki. "Wallahi ba laifi. Sukari ne kawai bai ji ba. Injiniya, ka bar hoto ka buɗe teburin shayi."

Aka mayar da mai gemu baya aka sake saurara. Kawu ya kara wayar a kunne, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai sau uku.

"Na ji inda matsalar take. Bakinsa ne ba ya fita sosai. Sodar wanki ya ce."

Ya shige ɗaki ya fito da sandar sabulun soda, ya karɓi magogin Anti ya hau gurzawa cikin kwano.

"Magogina na girki!" in ji Anti.

"Zai shiga tarihi."

"Kai za ka ci abincin da ya fito daga tarihin."

Ya zuba ruwan ɗumi da kofi, ya sa maburgi. Kumfa ta taso ruwan ƙasa, ta cika kwano, ta gangaro tebur, ta sauko ƙasa ta nufi takalman 'yan kallo. Kawu yana burgawa yana cewa yanzu za ta kwanta. Kumfa kuwa ba ta ji wannan yaren ba.

Mai Kemis, wanda ya riga ya yi asarar riga, ya fizge wayar ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan bidiyon.

"Ba sabulu ba ne, bawan Allah. Wani farin gari ne, ɗan'uwan kanwa. In babu shi, kanwar ma za ta iya ɗan yi."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan ka katse ni," in ji Kawu.

"Kanwa?" in ji Kaka. "A kan kanwa kuka fasa min fitila?"

Haɗi na uku, da kanwar da aka daka aka tace, shi ne ya yi kama da na mai gemu: baƙi, mai kauri. Sai dai wari. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ku ɗauka an dafa tsohon takalmi a cikin ruwan kifi. Matan gidan suka ja mayafi suka toshe hanci. Tela ya matsa ƙarshen benci ya ce wannan kam ya yafe, ba zai ɗanɗana ba.

Saura ɗakin duhu. Kawu ya zaɓi ɗan siton da ke ƙarƙashin bene, inda ake ajiye buhuna da tsofaffin tukwane. Ya toshe ƙasan ƙofa da bargo. Sai kuma na ga ya ɗauko tocila yana naɗe kanta da jan gyalen Anti.

Na ce, "Kawu, Baba Mai Hoto ya ce ko hasken ashana kada ya gani."

"Ashana ja ce? Ba ki taɓa ganin masu wankin hoto a talabijin ba? Cikin jan haske suke aiki. Fim ba ya ganin ja."

"Ya aka yi ka sani?"

"Ke, riƙe min waya ki tsaya a bakin ƙofa. Ko wa ya zo, kada ki buɗe."

Ya shige da tukunya mai murfi, da haɗinsa, da bokitin ruwa, da ɗan gwangwanin da ke ɗauke da kakana. Ya ja ƙofa. Tsakar gida ta yi tsit. Muna jin shi yana yi wa kansa kirari ƙasa ƙasa, yana jan fim ɗin ƙiii, ƙiii.

Sai muka ji tukunya ta faɗi. Sai muka ji, "Kai! Kai! Wayyo Inna!"

Ni an ce kada in buɗe wa na waje. Ba a gaya min abin da zan yi da na ciki ba. Ƙofar ta bugo ni gefe, Kawu ya faɗo tsakar gida cikin rana tsaka yana tsalle da ƙafa ɗaya yana kakkaɓe wando. Ɓera ya faɗo daga ƙafar wandon ya yi ta kansa. A hannun Kawu kuwa ga fim, ya fi tsawon hannuna, yana reto yana sheƙi a rana, ɗan gwangwanin yana lilo a ƙarshensa.

Kaka ta miƙe tsaye. Ban san tana iya miƙewa da sauri haka ba.

Na finciko bargon na jefa a kan hannunsa. Na lalubo gwangwanin ta ƙarƙashi, na ji bakinsa a cije, akwai sauran fim da bai fito ba. Na gaya wa Kaka. Ta lumshe ido tana lissafi da leɓe.

"Namu ne na ƙarshe," ta ce. "In da rabo, yana cikin abin da ya saura."

"Ai da gangan na bar shi a ciki," in ji Kawu yana haki.

Kaka ta miƙa hannu. "Ba ni tocilar."

"Inna, kimiyya..."

"Auta."

Ya miƙa. Ta tura shi cikin siton da kanta, ta ja ƙofa, ta sa aka kawo kujerarta ta jingina da ita ta zauna.

"In maciji ne ma ya shiga wandon, ku ƙarasa aikin tare," ta ce.

Mai gemu ya ce minti goma sha biyar, ana yi ana jujjuya tukunya. Kawu ya ce in riƙa faɗa masa lokaci. Na duba wayar don in ga abin da ke biye, sai na ga bidiyon ya kusa ƙarewa, alhali mai gemu ko kusa da gamawa bai yi ba. Ashe rabi Kawu ya sauke. Rabin ya ishe shi zama gwani.

Na zagaya bayan tankin ruwa, na nemo lambar Baba Mai Hoto a wayar. Na shaƙe wuya, na tura tabarau ɗin da ba ni da shi, na ari muryar mai wayar, na ƙara mata rawa.

"Baba, ni ne Injiniya. Baba na tuba. Ni ba injiniya ba ne, ko keke ban iya gyarawa ba. Na jiƙa fim ɗin Inna a kofi da kanwa, ban san abin da ake yi daga nan ba. Ka rufa min asiri, Baba, ka zo."

Tsohon ya yi salati. Ya ce kada in taɓa komai, in ɗauraye da ruwa kawai a cikin duhu, ga shi nan tafe. Na ce, "Allah ya saka, Baba," na ja majina sau biyu don aikin ya yi kyau.

Minti goma sha biyar suka cika. Na gaya wa Kawu ta jikin ƙofa cewa mai gemu ya ce a ɗauraye sau uku. Muka ji yana ta ɓarin ruwa. Na so in ja lokaci, amma ina! Ya hau dukan ƙofa yana cewa iska ta ƙare masa, warin zai kashe shi. Kaka ta janye kujera. Ya fito jiƙe sharkaf, fim a rataye a wuyansa kamar tef ɗin Tela, ya ɗaga bakin farko sama ya kalli rana ta cikinsa.

Baƙi ƙirin. Ko rana ba ta ratsa shi.

"Ina hoton?" in ji Tela.

"Yana ciki."

"To ai mu ma mun san yana ciki. Tun shekara talatin yake ciki."

"Datti ne ya rufe shi. Aku, kawo ragowar bayanin."

Na ce a jira tukuna. Ya fizge wayar ya danna. Mai gemu ya ɗaga wata kwalba, ya buɗe baki ya ce wani abu mai kama da "haipo", sai hoton ya daskare da bakinsa a buɗe. Iyakar abin da Kawu ya sauke ke nan.

Fuskar Kawu ta washe. "Kun ji da kunnenku? Haipo! Ni dama na sani. Jama'a, me ake kiran aikin nan? Wankin hoto! An jiƙa, saura me? Saura wanki! Mata, kawo haipo da soso."

Haipo dai, ga wanda bai taɓa wankin fararen kaya ba, shi ne ruwan nan mai warin asibiti da ke cinye tabo, in ka yi sake ya haɗa da rigar.

Mai Kemis ya ce, "Injiniya, anya..."

"Kai ma kawo rigar in haɗa da ita."

Na ce, "Kawu don Allah ka dakata minti biyar!"

"In dakata wa? Yarinya, mataki na ƙarshe ake yi wa gaggawa."

Ya tuttula rabin jarka a baho. Ya kama fim ɗin daga bakin farko, ya tsoma, ya sa soso ya hau dirza. Sai ga baƙin yana saki yana narkewa cikin ruwa.

"Kun gani? Kun gani? Yana haske!"

Gaskiya ya faɗa, yana haske. Ya ɗaga inda ya wanke: fes, garau kamar gilashi, kana hango fuskar Tela ta ciki. Babu datti, babu tabo, babu mutum, babu mota, babu komai.

"Ga hoto ya fito," in ji Tela. "Har ya yi kama da ni."

"Na gaba ne zai nuna," in ji Kawu, ya ƙara jawo taƙi ɗaya daga wuyansa ya tsoma.

Haka ya riƙa ja yana dirza, yana ja yana dirza, wutsiyar fim ɗin tana hawa kafaɗarsa tana matsowa kusa da baho. Dariyar matan gida ta fara raguwa. Kaka ta ce, "Auta, tsaya." Bai ji ba, soso ya ɗauke masa hankali. Na riƙe wutsiyar, ya ja, na ja, ya ce in sakar masa aikinsa. Saura kamar taƙi ɗaya a hannuna sai ga sallama a ƙofar gida.

Baba Mai Hoto bai jira an amsa ba. Ya dubi baho, ya shaƙi warin, ya dubi fim. Tsohon da ban taɓa ganin ya yi sauri ba ya zare almakashi daga aljihun Tela, ƙyat, ya datse wutsiyar daga hannuna, ya jefa ta cikin wata 'yar kwalba mai faɗin baki da ya zo da ita, ya rufe da hularsa.

"Wannan shi ne haipo na masu hoto," ya ce yana numfashi sama sama. "Wani gishiri ne da ke zaunar da hoto kada haske ya ci shi. Ragowar da nake da ita ke nan. Wancan kuwa na zanin gado ne. Wankin hoto, ɗana, suna ne kawai. Ba a sa masa soso."

"Hanyoyi ne daban daban," in ji Kawu. "Taku ta da ce. Wa ma ya kira ka?"

"Kai."

"Ni?"

"Kai, da wannan wayar. Kana kuka. Ka ce ko keke ba ka iya gyarawa ba."

"Allahu akbar," in ji Anti. "Shekara goma sha takwas ina jiran wannan maganar, sai aka faɗe ta ba na kusa."

"Ƙarya ne! Ina cikin sito!"

"Har majina ka ja," in ji Baba. "Sau biyu."

Kawu ya juyo a hankali yana nemana. Ni kuwa lokacin na gano cewa babu wurin da ya kai bayan kujerar Kaka daɗin tsayuwa.

Bayan minti biyar Baba ya ciro guntun, ya ɗauraye shi a ruwa mai kyau, ya riƙe shi ta gefe da yatsa biyu ya ɗaga. Rabinsa baƙi ne. Amma a can ƙarshe akwai gida ɗaya, ɗan murabba'i, mai inuwoyi a ciki.

"Akwai mutane," ya ce. "Biyu."

Tsakar gida ta rikice. Kawu ya yar da soso ya daka tsalle. "Me na gaya muku? Kofi da kanwa! Haɗina! Mai Kemis, rubuta ranar yau!"

Baba ya ce wannan dodon hoto ne, fari yana fitowa baƙi, baƙi fari, ido ba zai gane ba. Ya manna guntun a gilashin taga, ya ɗauke shi da wayarsa, ya danna wani wuri, launin ya juye. Ya dubi wayar. Ya cire tabarau ya goge ya sake duba. Sannan ya miƙa wa Kaka, mu kuma muka rufu a kanta.

Ga ƙofar ɗaki, har da labule. Ga mace siririya cikin atamfa mai manyan furanni. Ga namiji dogo a gefenta cikin riga mai aljihu biyu, da agogo, ya ɗora hannu a kafaɗarta. Ga takalmansu sun fito tsaf, ga ƙasa shimfiɗe mai yawa, har da wata kaza a gefe. Daga wuya zuwa sama kuwa, hoton ya ƙare.

"Ina kawunan?" in ji Tela.

Na ce, "Ni dai ga nawa Kawun a tsaye."

"A'a!" Kawu ya ɗaga hannu biyu. "Kada wanda ya kalle ni! Baba, faɗa musu, wanki yana cire kai?"

"Ba ya cirewa," in ji Baba. "Haka aka ɗauke shi."

"Kun ji! Ni na yi nawa, aikina ya fito tsaf, dubi kazar nan har gashinta ana ƙirgawa. Laifin mai ɗauka ne. Wane irin sakarai ne za a ba shi kyamara ya saita ta a kan takalmi? Wane jaki ne wannan? Irin mutanen nan ne ba su iya ba, ba za su ce ba su iya ba! Inna, wa ya ɗauki hoton nan? Faɗa min sunansa, in yana raye yau sai ya ji daga bakina!"

Kaka ba ta ɗago daga wayar ba.

"Yana raye," ta ce. "Malam ya kira maƙwabcinmu ya ɗauke mu. Sai wani ɗan shekara goma sha biyu ya faɗi ƙasa yana birgima, wai shi ya fi kowa iyawa, a makaranta an koya musu. Malam ya ce a ba shi, kada ya tara mana jama'a." Sai a lokacin ta dube shi. "Shekara talatin da uku ina marmarin fuskar mutumin nan, Auta, ashe tun ranar ka fille mana kai."

Tela ya zame daga benci ya zauna a cikin kumfa. Anti ta shige kicin, muna jin dariyarta tana dukan tukwane. Mai Kemis ya ce shi kam ya yafe rigar, ta biya kuɗinta. Kawu ya tura tabarau sama, yatsan ya tsaya a can bai sauko da komai ba.

Kaka ta sa yatsa biyu ta buɗa hoton, kamar yadda na koya mata, har hannun nan da ke kan kafaɗarta ya cika wayar. Babban hannu ne, da tabo a bayan babban yatsa. Ta daɗe tana kallo.

"Murfin injin ne ya datse shi a nan," ta ce a hankali. "Na manta da tabon nan." Ta goge ido da bakin ɗankwali. "Mai Hoto, ka fitar min da shi babba, a sa a gilashi. Fuskar ina da ita. Hannun ne ya fara ɓace min."

Baba ya naɗe guntun fim ɗin a farar takarda ya miƙa mata. Kawu ya matso, ya yi gyaran murya, ya langaɓe kai.

"Inna, in an fitar, a bar sarari a sama. Kawunan ba wani abu ba ne. Na iya zane."

Kaka ta cusa takardar cikin rigarta, ta dafe wurin da hannu biyu.

"Tela, Mai Kemis," ta ce, "ku riƙe min shi har in shiga ɗaki in sa sakata."